One Perfect Day: fim ɗin da kunne ya fi ido morewa

Ƙanena ne ya kawo fim ɗin a filashi, shi da yake sana'ar DJ a wuraren biki, ya ce lallai sai na gani. Na yi ta ja masa rai har mako biyu, don ni da fim ɗin gidan rawa ba ma shan inuwa ɗaya. Ranar wata Asabar da daddare aka kawo wuta, muka zauna mu uku, ni da shi da maiɗakina. Kafin a kai ƙarshe mun rabu gida biyu, har yau kuma ba mu daidaita a kansa ba.

One Perfect Day fim ne na Ostireliya da ya fito a 2004, Paul Currie ne ya ba da umarni. Dan Spielman ya fito a matsayin Tommy, saurayi mai baiwar kiɗa da ke karatu a Landan. Ana cikin haka sai labari ya iske shi cewa ƙanwarsa Emma ta rasu bayan ta sha ƙwaya. Ya tattara ya koma birnin Melbon na Ostireliya, ya fara bin sawunta cikin gidajen rawar da take zuwa, inda ake kwana ana cashewa da kiɗan na'ura har gari ya waye. Akwai budurwarsa Alysse, wadda Leeanna Walsman ta fito a matsayinta, mawaƙiya ce da ta san abin da ya faru a daren fiye da yadda ta so ta faɗa. Akwai kuma mai gidan rawa, Hector, wanda tun fitowarsa ta farko ka san ba alheri ne ya kawo shi ba.

Abin da ya kama ni shi ne sauti. Tommy mutum ne da ke jin kiɗa a cikin ƙarar da kowa ke wucewa bai kula ba, yana naɗarta yana sarrafawa. Da fim ɗin ya shiga gidan rawa, sai ka ji yadda DJ ke janye gangar ƙasa a hankali, ya bar taron mutane rataye, hannuwa a sama, sannan ya sake ta gaba ɗaya. A nan ƙanena ya tsayar da fim ɗin ya mayar baya har sau uku. "Yaya, ka ji? Ka ji inda ya riƙe su? Wallahi haka nake yi in amarya za ta shigo, sai dai ni da laftof, shi da faifan garmaho." Sifikar talabijin ɗinmu ba ta iya ɗaukar nauyin kiɗan ba, sai kakkarwa take. Washegari na sake kallon wuraren da iyafis, sai na ji kamar wani fim ne daban. Duk wanda zai kalla a sifikar waya, gara ya haƙura, asarar data kawai zai yi.

Ba a banza aka kai labarin Melbon ba. Garin ya yi suna da irin wannan rawar dare tun shekarun 1990, har akwai salon taka rawa da ake kira da sunan garin, wanda ake jan ƙafa a ƙasa kamar ana sulɓi a kan tayil. Taron da ake nunawa ya yi kama da na gaske: gumi, fitilu masu walƙiya, robar ruwa a hannun kowa.

Maiɗakina kuwa ba ta ga abin yabo ba. Ta ce, "Baban yara, wannan fa wa'azi ne aka sa masa kiɗa." Da farko na musa, daga baya na ga tana da gaskiya. Fim ɗin yana so ya nuna maka daɗin rayuwar gidan rawa, yana kuma tsoron kada a ce ya tallata ta, don haka duk inda aka ɗan yi murna sai ya biyo da musiba. Hector mugu ne irin na tatsuniya, babu ko ɗigon abin da zai sa ka fahimci dalilin da mutane ke yarda da shi. Hirar Tommy da Alysse a wurare da dama ta yi nauyi, kamar marubucin ne ke magana da bakinsu. Ita maiɗakina abin da ya fi ba ta haushi, uwar da ta rasa 'ya, wadda Kerry Armstrong ta fito a matsayinta, ba a ba ta fili yadda ya kamata ba, alhali ita ce ta fi kowa asara.

Na kuma ji takaicin yadda Abbie Cornish, mai fitowa a matsayin Emma, ta bar fim ɗin da wuri. 'Yan mintunan da ta yi sun fi na wasu rai. A shekarar nan ta 2004 ce ta yi Somersault, wanda ya ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasa a ƙasarsu, don haka ba idona ne ya yaudare ni ba.

Ni dai a tsakiyarsu na tsaya, na ɗan karkata wajen ƙanena. In labari kake nema mai ɗaure kai, za ka san inda aka dosa tun kafin rabi. In kuwa kana harkar situdiyo ko haɗa kiɗa, akwai abin ɗauka. Ba fim ne na kallo da yara ba, akwai shaye-shaye a fili da shigar da ba ta dace da falo ba; mu ma sai da suka yi barci muka kunna. Na ba shi shida cikin goma, maiɗakina ta ce uku ma don kiɗan ne.

Ƙanena bai ba da maki ba. Bayan kwana biyu ya turo min saƙon murya a WhatsApp: ƙarar injin markaɗen layinmu ce ya naɗa, ya ɗora mata ganga a ƙasa. Wai zai gwada ta a bikin ranar Juma'a, in uwar amarya ba ta kore shi ba.