Makaniks da ilimin haske: inda kowanne yake kayar da ɗalibi

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi wuya a aikin gida na fiziks, makaniks ko ilimin haske, tunda kana cin na farko amma na biyu yana ba ka wahala. A ganina makaniks ne ya fi zurfi. Ilimin haske kuwa tarko ya fi yawa, kuma ina zaton abin da ke kama ka ke nan.

A makaniks, wahalar tana zuwa tun kafin ka taɓa lissafi. Dokar Newton ta biyu, F = ma (F ƙarfi, m kilon abu, a ƙaruwar gudu), kowa ya haddace ta; aikin shi ne gano waɗanne ƙarfi ne ke aiki a kan abu, kuma ta ina. Ɗauki akwati mai kilo 2 a kan gangara mai digiri 30, babu gogayya. Ka zana akwatin shi kaɗai, kibiya ɗaya ƙasa don jan duniya, ɗaya tana fita cak daga fuskar gangarar. Da ka raba jan duniyar biyu, za ka ga ɓangaren da ke bin gangara shi ne mg sin 30, inda g ita ce ƙaruwar gudun jan duniya, 9.8 m/s². Sai m ta share kanta, ƙaruwar gudu ta zama 9.8 × 0.5, wato 4.9 m/s². Ko kilo 50 ne, amsar ɗaya ce. Daɗin makaniks shi ne jikinka ya san shi: in amsa ta fito 15 m/s², ka san akwai kuskure, don abin da ke zamewa kan gangara ba zai fi wanda aka saki a iska saurin ƙara gudu ba.

A ilimin haske ba ka da wannan gatan. Dokokin kaɗan ne, amma kowacce tana da sharaɗin da ba a rubuta a jikinta ba. Dokar Snell ta karyewar haske idan ya shiga ruwa, wadda masani Ibn Sahl ya riga ya bayyana a Bagadaza wajen shekarar 984, tana auna kusurwa daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar ruwa. Idan tambaya ta ce haske ya yi digiri 30 da fuskar ruwan, kusurwar da za ka sa 60 ce. Raba sin 60 da 1.33, wato ma'aunin karya haske na ruwa, ka samu 0.65, wanda shi ne sin na kusan digiri 41. Wanda ya sa 30 zai samu 22, kuma babu abin da zai nuna masa ya kauce, domin 22 ma ta yi kama da amsa.

Sai batun alama, wanda ya fi cin mutane. Gilashi mai tattara haske, nisan fokas (wurin da hasken ke taruwa) santimita 10, abu a santimita 30: 1/v = 1/10 − 1/30, v, wato nisan hoto daga gilashin, ta zama 15. Hoton na gaske ne, a kife, rabin girman abin. Matso da abin zuwa santimita 5, v ta koma −10. Ɗalibai da yawa sukan goge wannan alamar debewa, suna zaton sun yi kuskure, alhali ita ce rabin amsar: hoton yana ɓangaren da abin yake, a miƙe, ninki biyu, ba ya kamuwa a allo. Gilashin ƙara girman rubutu ke nan. Littattafai ma sun saɓa a tsarin alamomi, don haka ka riƙe na malaminka, kada ka gauraya.

Shawarata gare ka: yadda kake zana kibiyoyi a makaniks, haka za ka riƙa zana layuka biyu na haske da rula kafin ka ɗauki kalkuleta, ɗaya ta tsakiyar gilashin, ɗaya a jere da layin tsakiya sannan ta karya ta bi fokas. Inda suka haɗu ya kamata ya dace da v ɗinka. Ka kuma duba kalkuletar tana kan digiri, don in tana kan radiyan, sin 30 zai ba ka −0.99 maimakon 0.5.