Kwafin sassaƙar Girka ta dā: wanne malami zai saya wa ɗalibai?

Malamin da ke koyar da tarihin sassaƙa, in ya tashi sayen kwafin mutum-mutumin Girka, ya fara sanin cewa farin nan fat da muka saba gani a hoto ba haka Girkawa suka bar aikinsu ba. Fenti ne ya goge. Tun 2003 masu bincike biyu 'yan Jamus, Vinzenz Brinkmann da Ulrike Koch-Brinkmann, suke baje kolin kwafi masu launi, sun fara daga Munich, bayan sun bi sawun ragowar fenti da hasken da ido ba ya gani. A gidan tarihin Birtaniya ma an gano ragowar wani fenti da ake kira shuɗin Masar a jikin sassaƙar Parthenon, tsohon ɗakin bauta na birnin Athens.

Cikin kwafin da ake samu, mafi daraja shi ne kwafin filasta, irin POP ɗin silin, wanda ake zubawa a mazubin da aka ɗauko daga jikin asalin. Ma'aikatar zuba filasta ta Gipsformerei a Berlin tana wannan sana'a tun 1819, ta gidan tarihin Louvre kuwa tun 1794. Girman daidai yake, lanƙwasar tufa da sawun kurfi duk suna fitowa, kuma wani tsohon mazubin ya riƙe siffar da iska da ruwan sama suka cinye a jikin dutsen daga baya. Ga ɗalibin da ke koyon zane babu kamarsa. Sai dai ga nauyi, ga saurin karyewa, ga kuɗin jirgi da na kwastan.

Na biyu shi ne wanda firintar 3D ke bugawa. Gidan tarihin SMK na Copenhagen ya saki fayilolin wasu kwafinsa kyauta a intanet. Za ka ga layi-layi a jiki, yawanci kuma ƙarami ne. Robar PLA da ake bugawa da ita tana laushi in zafi ya kai wajen digiri 60 na Celsius, don haka kada a bar ta cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu. Amma da araha za ka buga da yawa, ɗalibai su shafa musu fenti.

Na shagunan 'yan yawon buɗe ido a unguwar Plaka ta Athens, tsaraba ce kawai.

Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi mai sayarwa daga ina aka kwafo. Misali, mutum-mutumin mai jifa da faifai na masassaƙi Myron da tagulla aka yi shi wajen 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ya ɓace. Na dutsen mabul da ake gani kwafi ne, aikin Romawa, kututturen da ke tallafe da shi ma su suka ƙara. Wanda ke Landan har kansa an ɗora shi yana kallon inda bai kamata ba.

Da ni ce, da kuɗi kaɗan, sai in buga Peplos Kore guda biyu, mutum-mutumin wata budurwa da aka samo a tudun Acropolis na Athens, na wajen 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), in bar ɗaya fara, ɗalibai su yi wa ɗayar launi. Haka aka jera su gefe da gefe a jami'ar Cambridge.