Sharhi kan ƙaramar talabijin ta bango mai inci 32: abin da na gani bayan doguwar mu'amala

Ƙaramar talabijin ta bango mai inci 32 na saya, daga cikin masu araha, na sa ta a ɗakin kwana. Na yi amfani da ita har ɗokin sabon abu ya wuce, don haka yanzu zan iya faɗin abin da na gani tsakani da Allah. Allonta ya biya ni. Sautinta bai kai ba. Ɓangaren da aka fi yi mata talla da shi kuwa, wato shiga intanet da manhajoji, shi ne mafi rauni a jikinta. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma akwai gaskiya a ciki, amma a wannan kayan ya kamata mutum ya san a ina aka rage kuɗin, domin ba ko'ina ragin yake cutarwa ba.

Girman da ake rubutawa a jikin kwali daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Inci 32 santimita 81 ne a karkace, faɗin allon kusan santimita 71, tsayinsa kusan 40. A ɗaki madaidaici ya wadatar, a babban falo kuwa sai ta zama 'yar mitsitsiya. Ƙafafunta biyu suna can gefe da gefe, saboda haka sai teburi mai faɗi yake ɗaukarta. Wanda zai rataye ta a bango ya duba ramuka huɗu da ke bayanta, ya auna tazararsu kafin ya sayi ƙarfen ratayewa, ya kuma lura da inda kafofin sa waya suke kallo. A tawa wasu suna kallon gefe, wasu suna kallon bango kai tsaye, kuma waɗannan na biyun ba sa karɓar waya idan talabijin ta manne da bango sosai.

Maganar hoto ita ce ta fi jan hankalina tun kafin in saya. Yawancin masu araha a wannan girman ɗigon haskensu 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Cikakkiyar Full HD tana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, sama da miliyan biyu ke nan. Sau da yawa za ka ga an buga 1080 da manyan baƙaƙe a kwali, alhali abin da ake nufi shi ne talabijin ɗin tana karɓar hoton mai wannan ingancin, sannan ta matse shi ya dace da allonta. Ainihin lambar tana cikin ƙaramin littafin da ke zuwa da ita. Shin bambancin yana damuna? Idan ina kwance ko ina zaune nesa da ita kamar mita biyu ko fiye, ina kallon labarai ko ƙwallo, idona ba ya kama shi. Amma da na haɗa ta da kwamfuta na matso kusa, sai rubutu ya fito da kaushi, bakin haruffa yana tsattsagewa, ido yana gajiya da wuri. Wanda yake son ta yi masa aiki biyu, kallo da aikin kwamfuta, ya nemi mai 1080 ta gaske.

Yadda take fitowa daga kwali ba shi ne iyakar kyawunta ba. An saita ta ne domin ta ɗauki ido a tsakanin 'yan'uwanta a wurin sayarwa: haske a ƙure, launi ya yi yawa, fuskokin mutane sun yi jajir, ciyawar filin wasa ta yi wani kore da babu irinsa a duniya. Da na shiga saiti na mayar da ita kan wanda aka rubuta Movie, na rage kaifin hoton, sai komai ya natsu. Da farko hoton zai yi maka kamar ya dushe, domin ido ya saba da ƙyalli, amma bayan ɗan lokaci ba za ka so komawa ba.

A nan ne zan tsaya in yi bayani sosai, domin shi ne abin da na fi so duk mai irin wannan talabijin ya sani. Allon da ake kira LED ba shi yake samar da haskensa ba. Gilashin LCD ne, a bayansa kuma an jera ƙananan fitilu a kan wasu siraran sanduna, su suke haska hoton. Ƙorafin da na fi ji daga bakin waɗanda suka daɗe da irinta shi ne: wata rana ka kunna, sauti yana fita, allo baƙi ƙirin. Idan ka haska tocila a jikin gilashin ka ga hoto yana motsi dishi-dishi, to allon lafiyarsa ƙalau, fitilun baya ne suka mutu. Galibi a jere ake haɗa su, wuta tana bi ta ɗaya zuwa ɗaya, don haka mutuwar guda tana iya kashe sauran duka. Zafi ne babban abin da ke cinye su, kuma masana'anta kan bar su a ƙarshen ƙarfinsu. Tun makon farko na shiga inda aka rubuta Backlight na sauke shi zuwa wajen rabi da ɗan ɗori. A ɗaki hasken ya ishe ni, bayan talabijin ɗin ya rage ɗumi, wutar da take ci ma ta ragu. Kada a rikita shi da Brightness, wanda a talabijin da yawa yake gyara duhun hoto kawai ba tare da ya taɓa fitilun ba. Wani mai gyara ya shaida mini cewa sauya sandunan fitilu aiki ne da ake yi kullum kuma ba ya cin kuɗi sosai, saɓanin fashewar gilashi, wadda kuɗin gyaranta kan kusa kai kuɗin sabuwa. Yana ba ni takaici in ga an jefar da talabijin mai lafiya saboda 'yan fitilu.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mutum biyu su sayi samfuri ɗaya, wannan ya ce baƙinta yana da zurfi amma launi yana wankewa idan ka kalla daga gefe, wancan ya ce daga kowane gefe hoto daidai yake amma baƙin kamar toka-toka. Dukansu gaskiya suke faɗa. Na farkon ya samu gilashi nau'in VA, na biyun ya samu IPS. Kamfanonin da suke ƙera gilashin kansa 'yan kaɗan ne, irin su BOE da CSOT da HKC a China, da AUO da Innolux a Taiwan, har ma Samsung Display ya daina ƙera LCD a 2022. Masu haɗa talabijin suna saye ne daga wurinsu, kuma suna iya sauya inda suke saye ba tare da sun sauya sunan samfurin ba. Tawa VA ce. Fim da dare yana yin kyau ƙwarai a kanta, amma idan an rataye ta sama kana kallo daga ƙasa, launin yana canjawa, shi ya sa ƙarfen ratayewa mai sunkuyawa ya fi dacewa da ita. Abin da sunan kamfani yake nuna maka a wannan matakin farashi shi ne ingancin kayan wutar ciki, da fitilun baya, da kuma ko za su saurare ka idan ta lalace.

Sauti kuwa ba sai na ja magana ba. Lasifika biyu ne ƙanana suna kallon ƙasa, a cikin jiki siriri da babu wurin da murya za ta yi kauri. Labarai da hira suna fita sarai. Fim mai kiɗa da hayaniya kuwa maganar 'yan wasa tana nutsewa, idan ka ƙure murya kuma robar jikinta ta fara karkarwa. Na haɗa mata ƙaramar lasifika ta waje, matsalar ta kau. Kafin ka biya, ka tabbata akwai hanyar fitar da sauti: ko kafar HDMI mai alamar ARC, wadda ta shigo tun 2009, ko kafar sa abin saurare na kunne. Wasu masu arahar ba su da ko ɗaya, kuma babu dabarar da za ta ƙara musu daga baya cikin sauƙi.

Sai ɓangaren intanet, inda na fi jin an yi mini rowa. Ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 1 ce, ma'adanarta gigabait 8, kuma tsarin da ke tafiyar da ita ya riga ya cinye kaso mai tsoka. A farko YouTube yana buɗewa lafiya. Da manhajoji suka yi ta sabuntawa suna ƙara nauyi, sai ka danna rimot ka jira, ka sake dannawa, sannan duka biyun su amsa lokaci guda. Ga kuma wani abu da masu saye da yawa ba su sani ba: ba duk talabijin da aka rubuta wa Android ba ce take ɗauke da Android TV ko Google TV mai lasisi. Wasu tsarin wayar hannu aka gyaggyara aka ɗora musu, shi ya sa sai ka ga kana jan kibiya a allo da maɓallan rimot. Irin waɗannan, ko Netflix ya buɗe, ba ya ba su hoto mai inganci, domin ba su da matakin kariyar hana satar fim da ake kira Widevine L1, da amincewar da Netflix ɗin yake buƙata. Daga baya na sayi ƙaramar na'urar shiga intanet da manhajoji wadda ake sokawa a kafar HDMI, na bar talabijin ɗin ta tsaya a matsayin allo kawai, kuma tun lokacin ban ƙara jin haushinta ba. Idan na'urar ta tsufa ita kaɗai za a sauya. Da a ce na samu wadda ba ta shiga intanet amma allonta ya fi kyau a kuɗi ɗaya, ita zan ɗauka ba tare da jinkiri ba.

Kallon bidiyo daga filashi yana aiki, da sharaɗi. Filashin da aka tsara da tsarin ajiyar fayil na FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Wani fim ɗin kuma hoto zai fito babu sauti, saboda talabijin ɗin ba ta gane nau'in sautin da ake kira DTS. Fayil ɗin MP4 na yau da kullum bai taɓa ba ni matsala ba. Mai son kama tashoshi da eriya ba tare da dikoda ba ya duba tsarin da ƙasarsa take amfani da shi: Turai da yawancin Afirka DVB-T2, Amurka ATSC, Japan da Brazil ISDB-T. Wannan ya fi shafar wanda aka kawo wa talabijin daga wata ƙasa.

Wutar da take ci abin yabo ce. Irin wannan girman yawanci tsakanin wat 30 zuwa 50 yake, ƙasa da tsofaffin masu ƙeya, kuma akwai samfuran da ke aiki da bolt 12 kai tsaye, waɗanda suka dace da masu batir ko sola. Duk da haka na sa mata na'urar kariya daga hauhawar wuta, domin kayan wutar cikinta na daga wuraren da ake tsuke kuɗi.

Ranar saye ita ce ranar da kake da ƙarfin magana, don haka a kunna ta a gabanka. Ka tafi da filashi mai hotunan launi zalla, fari da baƙi da ja da kore da shuɗi, ka duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya, ka kuma ga ko haske yana tsiyaya daga kusurwoyi a kan baƙin. A ɗauko ta a tsaye, kada a kwantar da ita a ɗora mata kaya. Wajen gogewa, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Ruwan da aka fesa a gilashi yana gangarawa bakin ƙasa, inda siraran wayoyin allon suke, kuma daga nan ne layukan nan na tsaye da ba sa gyaruwa suke yawan farawa. Ka adana rasit da kwalin, ka karanta takardar garanti tun kana wurin, ka tambaya ko ta haɗa da fitilun baya da kayan wuta, da kuma inda za ka kai ta idan wani abu ya taso.