Aikin baifas na zuciya a Delhi: aikin ya yi, hidimar ce da sauran gyara

Masu ta tambayata yanda aikin zuciyar Babanmu ya kasance a Indiya, ga amsa ɗaya ga kowa. Aikin kansa wallahi sai godiya, amma ejan ɗin da ya haɗa mana tafiyar da tafinta da bibiya bayan an dawo gida, nan ne muka ji jiki. Sunan asibitin ba zan kama ba.

Baba ya daɗe da ciwon suga, kuma anjiyogiram, wato hoton jijiyoyin zuciya, ya nuna jijiyoyi uku masu kai wa zuciya jini sun toshe. Mu sitent muke so, wato ɗan bututun da ake zurawa ya buɗe jijiyar da ta toshe, tunda ba sai an buɗe ƙirji ba, amma likitan ya zaunar da mu ya zana zuciya a takarda, ya ce mai suga da jijiyoyi da yawa suka toshe masa baifas ya fi masa, wato a ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a yi wa jini sabuwar hanya da za ta kewaye inda ya toshe, har ya kawo binciken FREEDOM na 2012 da ya nuna irin waɗannan marasa lafiya sun fi tsira daga mutuwa da bugun zuciya in an yi musu baifas, sai dai haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ɗan fi yawa ta ɓangaren baifas ɗin. Ya kuma faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa ko aikin da aka shirya a natse ne, cikin mutum 100 ana rasa 1 zuwa 3. Ni wannan rashin ɓoye-ɓoyen ne ya sa na yarda da mutumin.

Jijiya ɗaya daga cikin ƙirji ta hagu suka ɗauko, sauran biyun daga ƙafa. Don Allah duk wanda za a yi wa nasa ya tambayi wannan, domin ta ƙirjin sama da kashi 90 cikin 100 tana nan a buɗe bayan shekara 10, ta ƙafa kuwa kusan rabi ke toshewa a wannan tsawon lokacin.

Nas-nas ɗin ba su da wasa. Tun bai gama wartsakewa ba suka tashe shi zaune, suka ba shi wata 'yar roba mai ƙwallaye uku a ciki, sai ya ja numfashi ƙwallayen su tashi, Baba yana ja yana harararsu, guda biyu su tashi ta ukun ta ƙi, nas ɗin tana tsaye a kansa ba ta tafiya. In tari ya zo sai ya rungume filo a ƙirji saboda ƙashin da waya aka ɗaure shi. Ana cikin haka bugun zuciyarsa ya rikice, hankalinmu ya tashi, suka ce kusan mutum ɗaya cikin uku na samun haka bayan aikin, aka sa masa magani ya daidaita.

Abinci kam a bar maganar, ba gishiri ba maggi, sai da muka riƙa dama masa kunu a masauki.

To ejan. Kuɗin da ya faɗa mana tun muna Kano ashe ba ƙarin kwana a ɗakin kulawa ta musamman a ciki, ba masauki, ba maganin tafiya gida. Tafintan da aka haɗa mu da shi Larabci da Turanci yake ji, in na fita sayen abu Baba sai nuni da hannu. Sun ce ko mun koma a tuntuɓe su ta WhatsApp, amma da ciwon ƙafar da aka ciro jijiya ya kumbura ya fara ruwa, abun da suga ke jawowa, na tura hoto shiru, sai can aka turo layi ɗaya wai a ga likita na kusa. Wani likitan zuciya a nan gida ne ya riƙe mu har ya warke. Shi ya sa nake cewa ku samu naku likitan tun kafin ku hau jirgi, ku kuma tambayi farashin wasu asibitocin Legas da Abuja tunda suna yin aikin.

Yanzu dai Alhamdulillah ciwon ƙirjin ya tafi, masallacin da da sai ya tsaya hutawa a hanya yanzu kai tsaye yake zuwa. Wajen wata biyu a kan kujera ya yi salla kafin ƙashin ya haɗe, kuma ya yi wani irin sanyin jiki da yawan shiru da ba wanda ya gargaɗe mu a kai. Rigimarmu da shi kullum magani ce, "an gyara zuciyar, aspirin da atorvastatin ɗin na mene ne kuma?" Sai na ce Baba hanya aka canza wa jinin, cutar da ta toshe na farko tana nan.

Kada ku baro asibitin ba tare da faifan anjiyogiram da rahoton aikin a rubuce ba, su likitan gida zai fara tambaya.