Sharhi: Sanarwar kuskure a allon kwamfuta da bayanin kayan aikin mataimakin manhaja

Na ɗauki watanni ina amfani da wata ƙaramar manhaja ta kyauta wadda ke fito da sanarwa a kusurwar allon kwamfuta duk lokacin da mataimakin rubuta manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ya ci karo da matsala. Ra'ayina shi ne tana da amfani ƙwarai, amma rabin amfaninta ya rataya ne a kan yadda aka rubuta bayanin kayan aikin da mataimakin ke kira, wato ƙananan manhajojin waje da yake ba umarni su yi masa wani aiki.

Aikina a nan Legas shi ne gina manhajar lissafi ga wasu dillalan albasa da tumatur na kasuwar Mile 12, kuma mataimakin da nake aiki da shi Claude Code ne, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Fabrairun 2025. Irin waɗannan mataimaka sukan karɓi dogon aiki, su karanta fayiloli, su yi gyara, su gudanar da gwaji, sannan su dakata su nemi izini kafin su aiwatar da wani umarni mai nauyi. Dakatawar daidai ce, sai dai idan mutum ya tashi sallar la'asar ko ya sauka tayar da janareta, yakan dawo ya tarar aiki ya tsaya tun da farko yana jiran amsa. A garin da ake lissafin kowace litar fetur da ake ƙonawa don kwamfuta ta ci gaba da aiki, wannan asara ce ta gaske.

Saka manhajar ba shi da wahala. Tana amfani da tsarin da ake kira hooks, wato umarnin da ke gudana da kansa idan wani abu ya faru, wanda ake rubutawa a fayil ɗin saiti mai suna settings.json, ta yadda idan mataimakin ya nemi izini, ko ya kammala, ko wani umarni ya gaza, sai ta kira umarnin da zai fito da sanarwa a allo, wato notify-send a Linux ko osascript a macOS. Ni Ubuntu nake amfani da shi, wanda nau'in Linux ne, kuma ban taɓa ganin sanarwar ta makara ba. Inda ta gaza shi ne ba ta bambanta babbar matsala da ƙarama: gwajin da ake sa ran zai faɗi da rumbun bayanan da ya ƙi buɗewa duk ƙara ɗaya suke yi, har kunne ya saba ya daina kulawa. Abin takaici, notify-send yana da matakan gaggawa guda uku waɗanda marubucin manhajar bai yi amfani da su ba. Haka kuma tana yanke dogon saƙo, sau da yawa a daidai wurin da dalilin kuskuren yake.

Da na fara bin sawun sanarwar ɗaya bayan ɗaya, sai na lura cewa yawancinsu daga wuri guda suke fitowa. A watan Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ke ba mataimaki damar haɗuwa da kayan aiki na waje, kamar rumbun bayanai ko hanyar biyan kuɗi. A wannan tsari kowane kayan aiki yana da suna, da bayani cikin kalmomi, da jerin abubuwan da yake karɓa. Mataimakin ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin. Da waɗannan ukun kaɗai yake yanke shawarar wanda zai kira da abin da zai tura masa. Idan bayanin ya ce “nemo ciniki” kawai, ba a faɗi ko da sunan dillali ake nema ko da lambar rasit ba, ba a kuma faɗi yadda ake rubuta kwanan wata ba, dole ne mataimakin ya yi kirdado, kuma kirdadon ne ke fitowa a allo a matsayin kuskure. Tamkar ka aiki yaron shago ya sayo albasa biyar ne, ba ka ce masa buhu ko kwando ba.

Mafi hatsari shi ne kuskuren da sanarwa ba ta gani. Wani kayan aikin biyan kuɗi da na ɗauko a intanet bayaninsa ya ce “adadin kuɗi” kawai, alhali da kwabo yake ƙirgawa, kamar yadda hanyoyin biyan kuɗi da dama ke yi a Najeriya. Mataimakin ya tura 5,000 da nufin naira, kayan aikin ya karɓa a matsayin naira 50, ya kuma dawo da amsar cewa komai ya tafi daidai. Allo bai nuna komai ba, domin a wurin na'ura babu abin da ya gaza. Allah ya sa a wurin gwaji ne, amma na daɗe ina tunanin dillalin da ya turo lodin albasa daga Aliero zai ga irin wannan lissafi a wayarsa.

Bayan haka na sake rubuta bayanan kayan aikin da nake amfani da su. Kowanne yanzu yana faɗin abin da yake yi, da lokacin da bai kamata a kira shi ba, da ma'aunin kowace lamba, tare da misali guda. Na kuma sa su riƙa ƙin karɓar adadin da bai dace da farashin kaya ba, su ɗaga alamar kuskure mai suna isError da ƙa'idar MCP ta tanada, da saƙon da ke cewa ga abin da aka turo, ga kuma abin da ake bukata. Sanarwar ta ragu sosai, kuma mataimakin kan gyara kiransa da kansa idan ya karanta irin wannan saƙo.

Ina ba duk mai barin mataimaki yana dogon aiki shawarar ya saka manhajar, musamman abokan aikinmu na Yaba da Ikeja masu haɗa ayyuka da yawa a kwamfuta ɗaya. Sai dai ya kashe sanarwar gwaje-gwajen yau da kullum, ya bar ta neman izini da ta gazawar kayan aiki, sannan ya buɗe bayanin duk kayan aikin da ya shafi kuɗi ya duba ko an ambaci naira ko kwabo.