Filas, buta ko na'ura: me ya kamata mai jego ta saya a Saudiyya?

Duk wadda ta shiga kantin magani irin Nahdi ko Al-Dawaa neman kayan haɗa madarar jariri za ta ga abubuwa kala-kala, kowanne da alkawarinsa. Kafin ki ciro riyal, ki san cewa garin madara, ko sabon gwangwani ne, ba a raba shi da ƙwayoyin cuta gaba ɗaya ba. Akan samu Cronobacter ko Salmonella a ciki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2007, ta ce a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Da wannan ma'aunin za ki auna duk abin da aka tallata miki.

Butar lantarki ita ce mafi araha, kuma ta wadatar. Ki tafasa lita ɗaya, kar ta wuce minti 30 a ajiye, ki zuba ruwa a fida tukuna, sannan gari. Amma ki yi hattara da butocin da ke riƙe ruwa a digiri 40 wai don a sha nan take. Ɗumin ya yi wa bakin yaro daidai, sai dai ba ya kashe komai a cikin garin.

Na'urar da ke haɗa fida da kanta tana da daɗi da tsakar dare, ga tsada. Wani bincike na Jami'ar Swansea a Birtaniya, a 2023, ya gano cewa yawancin na'urorin da aka gwada ruwansu bai kai digiri 70 ba. Ni dai ba zan sa kuɗina a nan ba, balle idan jaririn bakwaini ne ko bai kai wata biyu ba.

Inda muke shan wuya a nan shi ne hucewa. Takardun Turawa sukan ce a tara fida a ƙarƙashin famfo. To, a Makka ko Jidda da bazara, ruwan da ya wuni a tankin saman bene kusan na wanka ne. Sai ki yi ta tsayuwa, yaro na tsala kuka, madara ba ta huce ba. Kwano da ƙanƙara ya fi, ki tsoma fidar a rufe, ruwan kada ya kai murfi. Akwai kuma filas na musamman mai hucar da madara cikin 'yan mintuna, irin Nuby RapidCool. Yana aiki, amma sai an wanke an tsabtace shi bayan kowane amfani, kuma yana buƙatar hutu kafin zagaye na gaba, don haka ɗaya ba ya isar dare.

Idan za ki Harami ko doguwar tafiya Madina, filas mai kyau cike taf da tafasasshen ruwa da garin da kika auna daban sun fi haɗaɗɗiyar fida a jaka. Madarar ruwa ta kwali ma ta dace da tafiya, tunda a tsabtace take, sai dai kuɗi.

Ruwan gora shi ma sai an tafasa, kuma ki duba sodiyam ɗinsa (sinadarin gishiri) a jikin gorar, kar ya haura miligiram 200 a lita. Fidar da aka haɗa, awa 2 ne iyakarta a waje, awa 24 a can cikin firiji. Abin da yaro ya sha ya rage, zubarwa ake yi. Kafin ki ba shi, ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannunki, ya zama ɗumi-ɗumi kawai.