Kwangila ko Kujerar Bincike: Wacce Ta Fi wa Ɗalibi a Jidda?

Ɗalibanmu masu nazarin dokar kasuwanci a Jami'ar Sarki Abdul'aziz hanya biyu ce gabansu ta samun kuɗin bincike: kwangila ko kujerar bincike. A kwangila, kamfani ke kawo tambaya guda, misali yadda dokar kamfanoni ta Saudiyya da ta fara aiki a 2023 ta shafi kasuwancin iyali. Ya biya, a miƙa rahoto cikin 'yan watanni. Ga kuɗi, ga takardun cikin gida da ba kowa ke gani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin sirri: ya hana wallafa sakamako, digiri ya maƙale. A karɓi izinin wallafawa a rubuce kafin sa hannu.

Kujerar bincike kuwa, wato shirin bincike a jami'a kan fanni guda, banki ko attajiri ke ɗaukar nauyinta na shekaru. Akwai jan ƙafa, amma ana wallafawa, shi ya sa ta fi dacewa da mai neman digirin digirgir.